Babban Yatsa Takwas

Wanda ya taɓa cin kasuwar Kona ya san rumfar Sharifu baduku, ko da bai riƙe sunan mai ita ba. Tana can bayan masu igiya, inda warin jima ke tarbar mutum tun kafin ya ga inuwa. Shi kuwa Sharifu ba sharifi ba ne, kada ku je neman tubarraki. Kakarsa ce ta laƙa masa sunan, don ran da aka haife shi wani baƙon sharifi ya kwana a zaurensu, ya ci tuwo, da safe ya kama hanya bai ko ga jaririn ba. Baƙon bai sake dawowa ba, sunan kuwa ya zauna.

Dukanci gado ne a gidansu. Ya buɗe ido ya tarar da ubansa yana ɗinka kube da laya da gafaka, jakar nan ta fata da malamai ke sa Alƙur'ani su rataya. Shi ma ya hau buzun, ya ɗauki basilla, bai ajiye ta ba har furfura ta cinye masa gemu. Abin da aka san shi da shi, ba ya awo da metir. Hannunsa ne ma'auninsa: taƙi kaza, yatsa kaza, sai wuƙa. In an ce ya sayi metir kamar teloli, sai ya ce metir ana mantawa da shi a gida, hannu kuwa ko masallaci tare kuke zuwa. Babban yatsansa na dama ma abin kallo ne. Dannar basilla ta shekara da shekaru ta baje shi, ya yi faɗi kamar ƙosan da aka taka.

Akwai lokacin da sana'ar ta so ta mutu a hannunsa. Jakunkunan roba suka cika kasuwa, har malamai suka koma zuba littattafansu a leda. Ana nan, sai ga wani mushen lekol, wato malamin makaranta, da wani abu naɗe cikin rawani. Ya kwance, ashe gilashi ne shimfiɗaɗɗe, kusurwa ɗaya ta tsage. Ya ce sunanta tabilet, ta aiki ce, kuma in ta sake faɗuwa daga kan moto, wato babur, shi za a tuhuma. Sharifu ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Wanga ai allo ne. Allo kuwa gafaka shika so." Ya ɗora ta a kan fata, ya zagaye ta da yatsa, ya yanka. Daga wannan mushe labari ya bazu. Ma'aikatan likita suka kawo nasu, masu ƙidayar gonaki suka kawo, har daga Hawandawaki ake aiko masa. Tabilet ta tashi basillar da roba ta kwantar.

Rumfar da ke jingine da tasa ta Ishaƙu ce, mai sajin waya. Ɗan kawunsa ne, wato taubashinsa, saboda haka tun suna yara ba su taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Ishaƙu yana da fano biyu na sola a kan rufi suna shan rana, da wayoyi jere a kan tebur kamar kifi a faranti. Duk wanda ya zo saji sai ya bar masa labari, shi kuma ya ƙara gishiri ya miƙa wa maƙwabcinsa ta saman zana.

Matar Sharifu, Zara'u, ta rasu shekarun baya. Ta bar masa 'ya'ya da suka watsu gidajen aure da biranen neman abinci, ta bar autarsu Mansura, ta kuma bar jar akuya guda. Wannan akuya tata ce ta kanta, kuma 'ya'yan akuyar ne suka riƙe Mansura a lekol har ta fito ma'aikaciyar lafiyar dabbobi. Da akuyar ta tsufa, haƙora suka zube, aka yanka ta aka yi wa Zara'u sadaka da naman. Fatar kuwa Sharifu ya kai ta Tasawa da kansa, wurin majemin da ya yarda da shi, aka jeme ta da bagaruwa, aka rine ta da karan dafi. Ta fito ja wur, laushi kamar kunnen ɗan maraƙi. Ya naɗe ta ya saƙale a rufin ɗaki. Masu saye sun nema, bai ko saurare su ba. In an tambaye shi me yake jira, sai ya ce fatar ba ta ga aikinta ba tukuna.

Akwai kuma wani abu da ya ɓoye wa 'ya'yansa. Yanar ido ce ta fara sauko masa. Da rana tsaka yana gani, amma in hadari ya rufe ko la'asar ta yi sanyi, sai duniya ta koma masa kamar ana kallonta ta cikin ruwan koko. Ɗinki bai dame shi ba, yatsu sun san hanyarsu. Yanka ne ke son ido. Ishaƙu kaɗai ya gane, don ya ga yadda taubashin nasa ya koma jawo buzu bakin rumfa duk lokacin da zai ɗauki wuƙa. Wannan kam bai taɓa yin tsiya da shi ba.

Gab da damina aka kira Mansura Mayahi. Za a yi masu horo, a raba masu sababbin tabilet, sannan a tura ta El Alasan Mairairai, inda za ta riƙa bin rugage tana yi wa dabbobi allura tana shigar da su cikin na'ura. Tsohuwar tabilet ɗinta nauyi gare ta kamar dutsen niƙa, ga batiri da ba ya kai azahar. Sababbin kuwa ba wanda ya gan su, amma kowa a kasuwar Kona ya san kamanninsu.

"An ce ba ta da kauri ko kaɗan," in ji Ishaƙu ta saman zana. "Kamar ɓawon albasa. In ka sa ta cikin littahi sai ka neme ta."

"To."

"Kuma tana jin Hausa. Ka yi mata magana ta rubuta. Wani direba ya ce har Hillanci tana ji."

"Ta hi ka ke nan. Kai Hausar ma rabi kake ji."

"Bari in ƙare, tsohon basilla. Naɗe ta ake kamar tabarma. Kuma ba ta son saji, rana take sha da kanta kamar ƙadangare."

Sharifu ya ɗaga kai daga ɗinkinsa. "In tana shan rana da kanta, kai mi za ka ci?"

Nan take Ishaƙu ya ja da baya. Ya ce wannan ɓangaren bai tabbata ba, direban maƙaryaci ne.

Ita Mansura, kafin ta tafi, burinta bai kai nasu tsawo ba. Ta ce in dai za ta riƙu a hannu ɗaya, ɗayan hannun yana riƙe da kunnen akuya, in kuma ana ganin rubutunta cikin rana, batirinta ya kwana ya wuni, to ta gode Allah. Sharifu ya ji wannan ya ajiye a ransa. Abin da zai bi 'yar Zara'u cikin rairayi, a kan moto, daga ruga zuwa ruga, ai shi ne aikin da fatar take jira. Sai dai kwana ɗaya tak Mansura za ta yi a gida tsakanin Mayahi da wurin aikinta, ado kuwa irin wanda yake so ya yi ba ya ƙarewa a kwana ɗaya. Dole ya yanka kafin ya ga abin da idonsa. Fatar kuma guda ce, ba ta da ƙanwa.

Ya karɓi wayarsa daga teburin Ishaƙu ya kira Mansura.

"Auta, hwaɗa mani girmanta. Taƙi nawa?"

"Baba, ni ma ban gan ta ba, sai ranar ƙarshe za a buɗe kwalayen. A takarda dai an rubuta huit pouces."

"Wit mi?"

"Pus, Baba. Pus takwas."

"Pus? Wanga ai kiran mussa ne, haka ake kiran kyanwa."

Ta yi dariya har muryarta ta sarƙe. "Awon Nasara ne. A lekol an ce mana pus shi ne babban yatsa."

Daga nan rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke, kamar yadda ya saba in magana ta zo wurin daɗi. Sharifu bai sake kira ba, don a ganinsa ya samu abin da yake nema. Ya zauna yana murmushi shi kaɗai. Ashe duk iliminsu, Nasara ma da hannu suke awo. Babban yatsa takwas. To, wa ya fi shi babban yatsa a ƙasar Tasawa?

Sauran lissafin a wurinsa a fili yake. Duk wanda ya ba baduku awo ɗaya na jaka, faɗin baki ya ba shi, don daga baki ake fara jaka. Tsawo kuwa ya san yadda tabilet take, faɗinta da rabinsa. Washegari da rana ta take, ya sauko da fatar, ya shimfiɗa ta bakin rumfa, ya shafa ta da tafin hannu. Ya jera babban yatsansa a kanta sau takwas, gefe da gefe. Da ya duba sai ya ga abin ya fi duk tabilet ɗin da ya taɓa yi wa gafaka faɗi.

Ishaƙu ya leƙo. "Taubashi, wagga jakar mi ce? Ta sirdi? An ce maka ƙarama ce, kamar tahin hannu."

"Jiya ka ce tabarma ce."

"Na ce ana naɗe ta kamar tabarma."

"Ka kuma ce ɓawon albasa. To abin da aka matse har ya koma ɓawon albasa, ina naman zai tahi?" Ya ɗaga babban yatsansa ya nuna masa. "Duk abin da aka baje, sai ya yi hwaɗi. Ƙanƙantar da kuke ji, a kauri take."

Ishaƙu ya dubi yatsan. Maganar ta yi kama da gaskiya, kuma shi kansa ya san labaransa ba sa zama wuri ɗaya. Sharifu ya yi bisimilla ya sa wuƙa.

Kwanakin da suka biyo baya bai karɓi aikin kowa ba. Ya bi gefen gafakar da saƙar baƙar fata siririya, ya yi mata marfi da maɗauri da igiyar ratayawa. A tsakiya kuma ya ɗinka tauraro da koren zare da fari. Wanda bai sani ba zai ce ado ne kawai. Amma duk tsawon zamansu, in yana son ya tsokani Zara'u, Zara matar wata yake ce mata, ita kuma ta ce to wane wata, wannan da ke warin jima? Tauraron nan ya fi komai cin lokaci. Yana yi yana matso da fatar kusa da hanci, yana jiran rana ta fito daga bayan gajimare.

Ran da Mansura ta iso, hadari ya haɗu tun hantsi bai zubar ba. Ta sauka daga moton haya a bakin rumfa, ta durƙusa ta gaida uban, ta gaida Baba Ishaƙu. Sharifu ya jawo gafakar daga ƙarƙashin buzu ya ɗora mata a cinya. Ta gane fatar tun kafin ta taɓa. Ta ga tauraron, ta sa yatsa a kansa.

"To ina baƙuwar?" in ji Ishaƙu. "Ko ta ɓace cikin littahi?"

Mansura ta sa hannu a aljihun rigar aikinta ta zaro ta. A aljihu fa. Ba ta naɗuwa, ba ta shan rana, Hausarta ma sai a hankali. Amma ba nauyi, kuma tsaf ta zauna a hannu ɗaya. Mansura ta dubi tabilet, ta dubi gafaka. Don kada ta ƙi, ta buɗe marfin ta saka. Abin ya zurma ƙasa kamar guga a rijiya.

Ishaƙu ya cije leɓe don ya danne tsiyar da ta zo masa. Ya yi ƙoƙari, a ba shi wannan. Sai da ya ga ba zai iya ba ya ce, "A ƙara mata 'yan'uwa uku, su riƙa hira a ciki."

Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba.

"Baba, ashe ba haka suke aunawa ba," in ji Mansura a hankali. "Sai a wurin horon na gani. Daga wagga kusurwa zuwa waccan ne, a kaikaice, kuma gilashin kawai. Pus ɗin nasu ma bai kai yatsanka ba."

"A kaikaice." Sharifu ya jinjina kalmar. "Wa ke auna abu a kaikaice in ba mai son rigima ba?" Ya karɓi gafakar ya girgiza, ya ji abin yana kai da komo a ciki. "Kuma yatsan wa suka auna? Na jariri?"

"Ba komi, Baba. Haka nan nike sonta. In cusa ɗankwali a ciki, in sa waya da abin saji."

"A'a. Abin da ke rawa cikin jaka, a kan moto, cikin rairayin Mairairai, kwanansa nawa? Gafaka kama abu take kamar yadda kube ke kama wuƙa. In ba ta kama ba, buhu ce."

Ya sa basilla ya warware ɗinkin gefe, saƙar da ta ci masa kwanaki ta zube a kan buzu. Ya shimfiɗa fatar, ya ɗora tabilet a kan tauraron. Nan abin ya tsaya. Ya yi tauraron daidai da babbar jaka, saboda haka ƙahonninsa sun kai gab da gefen tabilet. Tsakanin inda zare ya ƙare da inda wuƙa za ta bi, abin da ya rage bai fi wurin ɗinki ba. In wuƙa ta kauce kaɗan ciki, ta yanke zaren, tauraron ya warware gaba ɗaya.

Ya ja buzu zuwa bakin rumfa. Ya ɗauki wuƙa, ya sunkuya. Sama ta yi baƙi, fatar ja ce, koren zaren ya narke a cikinta. Ya ƙara sunkuyawa har gemunsa ya taɓa gilashin. Ya ɗago, ya murza ido, ya sake sunkuyawa. Mansura tana kallonsa. Ta dubi Ishaƙu, Ishaƙu ya juya yana gyara wayoyin da ba su buƙaci gyara ba.

"Baba, tun yaushe?"

"Tun bara. In da rana, ina gani."

"Yau babu rana, gobe kuma da asuba zan tahi."

Sharifu ya riƙe wuƙar. Tun da ya gaji buzun nan ba wanda ya taɓa yanka masa fata, ko 'ya'yansa maza bai bari ba. Ya juya ta a hannu, sannan ya miƙa mata ta wajen ƙota.

"Ke da ke soka wa bijimin Hillani allura yana harbi, fata kwance ba za ta gagare ki ba. Zauna nan."

Ta zauna a kan buzun. Ya laluba gefen tabilet, ya kwantar da babban yatsansa a jikinta, ya karkata shi har rabin faɗinsa kawai ya rage a kan fatar.

"Kin ga zaren?"

"Na gani. Yana ƙarƙashin yatsanka."

"To abin da ke ƙarƙashin yatsana nawa ne. Ki bi bayanshi. In na ja, ki biyo. Kada ki yi sauri, kada ki tsaya."

"In na yanke ka fa?"

"Wanga yatsa? Basilla ta yi shekara arba'in tana nema ba ta samu ba."

Ya ja yatsan a hankali, wuƙa tana bin sa. Ƙarar yankan ce kawai ake ji, da tsawa can nesa wajen arewa. Suka gama gefe ɗaya, suka juya, suka gama na biyu, suka rage tsawo. Mansura ta ɗaga tabilet. Tauraron yana nan, duk ƙahonninsa, ko zare ɗaya bai tashi ba. Sai a lokacin ta saki numfashi.

Ɗinkin kuwa bai nemi taimakon kowa ba. Ruwa ya sauko, suka matsa cikin rumfa, yana ɗinki idonsa a kan ruwan da ke zuba daga bakin rufi. Saƙar gefe ba ta samu komawa ba, lokaci bai isa ba, ya bi da ɗinki biyu mai ƙarfi. Kafin la'asar ya miƙa mata. Ta tura tabilet, ta shige da ɗan ƙyar, ta zauna. Ya karɓa ya girgiza kusa da kunnensa. Shiru.

"Bayan damina zan zo in kai ka Maraɗi a duba idon," in ji Mansura tana rataya igiyar a wuya.

"Mu ga bayan daminar."

"Ba tambaya nike ba, Baba."

"Uwarki sak," ya ce, bai ƙara musu ba.

Ishaƙu ya tsallako da ƙafa ɗaya cikin rumfar, ya tsinci ragowar fatar da aka yanke, dogaye biyu da guntu ɗaya. "Taubashi, ka adana wannan. Wani ɗan Tasawa ya ce mani wadda za ta hito baɗi, ninke ta ake biyu kamar takarda. Pus huɗu, in ji shi."

Sharifu ya karɓe fatar daga hannunsa, ya naɗe, ya ɗaure da zare.

"In ta hito, ka ce mata ta zo da ƙahwarta," ya ce. "Rumhwar ba ta tashi ba."